Wutar da ta tashi daga gonar aya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ne Alhaji Jika ɗan Tala, ɗan kasuwar aya a ƙasar Gangara. Da hannuna na rubuta wannan takarda cikin watan Muharram, hankalina garau, ba zafin ciwo ke magana ba. Ƙafafu ne suka ƙi ɗaukata, likita kuma ya sallamo ni da irin kallon da na gane. Na san wani cikinku zai ce tsoho ya ruɗe, to bai ruɗe ba. A katiriyam, aji na uku, na bar kwaleji, amma ɗan rubutun da na fito da shi ya ishe ni in faɗa maku abin da ba ku son ji.

Zuwa ga ɗiyana uku, Rashidu, Abdurrahaman da Ummuhani. A karanta gaban uwarku Batulu.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa. Liman Amadu zai zauna da ku. Ɗakin Batulu kada wanda ya tashe ta daga cikinsa, ko da ya faɗo cikin rabon wani. Na taƙaita nan, don ba dukiya ke cin raina ba.

Na biyu. Maganar wuta. Mako guda bayan sallar layya wuta ta tashi da azahar, ta bi makiyaya ta yamma, ta cinye rumbu goma sha ɗaya na mutanen gari, ta cinye rugar Buba Bafillace ƙurmus. Matarsa Fadimatu ta ƙone hannu biyu wajen kwance maruƙa, har yau sai an ba ta abinci a baki. Ɗansa Rabilu, magidanci mai ɗiya biyu, yau kwana ashirin da uku yana tsare, wai garwashin shayinsa ne ya kama ciyawa. Wanda ya ba da wannan shaida ɗana ne na cikina.

Rashidu, wutar daga gonata ta aya ta tashi, kuma kai ka kunna ta. Ummuhani ta gan ka, tana gonar da mata masu tankaɗe suna jiran a ƙona su fara tono. Kada ka kuskura ka tsane ta, ni na matsa mata ta faɗa.

Shekara arba'in da ɗaya ina ƙona gonar aya, tun ina bin kalar gonakin mutane da rariya, ina kai tiya biyu kasuwa a ka, har Allah ya sa mota take ɗaukar buhunana zuwa Jibiya. Ban taɓa ƙona wa wani ko kara ɗaya ba. Ganyen aya sai an ƙone shi kafin a tona, kowa ya sani. Amma kafin nan sai an share gefen gona taku shida, ƙasa tsirara. Sai an gaya wa maƙwabta, su zo da ɗanyen reshe a hannu. Sai da sassafe, raɓa ba ta gama tashi ba, iska na kwance. Ka san duk wannan, a bayana ka koya. Ranar ka ƙi shara, ka ƙi kiran kowa, ka ƙyasta ashana rana tsaka don kana gaggawar mitin ɗin jam'iyya a Gazawa. Ka hau babur hayaƙi na bayanka. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, kai kuma ka ga kujerar konseye ta komin, wato kansila, shi ke nan ba ka ganin komai sai ita. Da ka dawo ka iske ɓarna, sai ka duba wanda ba ya da kowa a fada, ka nuna Bafillace. Har kana faɗa a dandali cewa in aka zaɓe ka za ka raba garin da masu yawo da wuta. Kai! Ko kunyar Allah ba ka ji ba?

Na uku. Abdurrahaman, kada ka yi murmushi don na fara da wanka Rashidu. Kai da ka yi karatun da ban yi ba, ka zo da motar porje, aikin raya karkaran da kake wa, da manyan baƙi, ka tsaya kan tokar rugar Buba kana yi masu bayanin canjin yanayi. Ka rubuta rapor, rahoton gobarar, cewa zafi da fari da iska su ne sanadi. Ka san wanda ya kunna, ƙanwarka ta gaya maka tun kafin ni. Ka ga rubutun nan zai rufa wa wanka asiri, ya kuma kawo wa buronku, ofishin porjen, sabon aiki.

Na ji ku ta taga ranar da kuka kusa dambe a zaure. Rashidu na cewa canjin yanayi ƙaryar Nasara ce ta cin abinci, kai kana ce mashi jahili, mai kan aya. Ku biyu kuna ta musu kamar malamai, alhali kowane ya san gaskiya, mutum kuma na kulle saboda ku. Ranar na so a ce ƙafafuna na aiki.

To ku ji tawa. Yanayi ya canza, wanda ya ce ƙarya ne bai taɓa riƙe hauya ba. Ina yaro tabkin bayan gari na kai ruwa har bayan girbi da wata uku, yanzu ko kaka ba ya gani. Bara fari ya kashe dabbobi muna kallo, bana ruwa ya zo kamar da fushi, ciyawa ta kai ƙugu, sannan ya ɗauke rana ɗaya ta bushe ƙayau cikin kwana goma. Wutar da a da mutum biyar ke kashewa da reshe, yanzu gari guda ba ya tare ta. Wannan duk na yarda, Abdurrahaman, na gan shi kafin a haife ka. Amma wane ne ya sayi ashana? Wane ne ya ƙi shara? In ƙasa ta zama haka, ai sai mutum ya ƙara tsoron wuta. Kai ka mai da ilminka wurin ɓoye mai laifi, shi ya sa haushinka a raina bai gaza na wanka ba.

Na huɗu. Nawa laifin. Ranar da aka taru a ƙofar mai gari, an ɗauke ni a amalanke an kai ni. Na riga na sani. Buba ya dube ni, mutumin da shekara talatin shanunsa ke kwana a gonakina suna ba ni taki, ya ce da ni da Hausarsa, Alhaji kai ka san Rabilu. Na sunkuyar da kai na ja carbi. Na ji tsoron a ce gidan Alhaji Jika, wanda ya tashi ba da gadon kowa ba, shi ya ƙone gari. Sunan da na yi shekaru ina ginawa na tsare, na bar ɗan mutane ya tafi. Da wannan zan tsaya gaban Ubangijina, kuma kwanakin sun matso.

Na biyar, kuma kada a jira mutuwata. Kafin ranar kasuwa mai zuwa, Rashidu ya je gaban hukuma ya janye shaidarsa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Abdurrahaman ya raka shi, ya kuma gyara rapor ɗinsa, ya sa sunan gonata a ciki. In buro ya kore ka, akwai hauya. In kujera ta kuɓuce, Rashidu, ta kuɓuce. Kwafin wannan takarda na hannun Liman Amadu da sa hannuna. Kasuwa ta ci ba ku je ba, zai karanta ta bayan sallar Juma'a, ina raye ko ina kabari. Na gwammace gari ya ji daga bakinku.

Na shida. Cikin sulusin da shari'a ta bar mani, gonar ayar nan na ba Buba, ita da rijiyarta, ya noma ko ya yi mashekari, ba ruwan kowa. Masu rumbu goma sha ɗaya a cika masu da hatsi daga sitona kafin a yi rabo. Ummuhani ta ci gaba da kai Fadimatu wankin ciwo har ta warke. Buba na iya ƙin karɓa. In ya ƙi, ku koma, ku sake komawa, kuma ku cire takalmi kafin ku shiga inda yake.

Na bakwai. Duk wanda ya gaji wata gonar aya cikinku, taku shida ba su isa ba yanzu. A share goma sha biyu. Ku ƴan porje ku kira shi parfe da Faransancinku in kuna so, ni dai a share.

Ɗiyana, na yi faɗa don lokaci ya ƙure mani, ba ni da sauran ranar lallashi. Abin da kuka yi mani ni kaina, tun kuna ƙanana har yau, na yafe duniya da lahira. Hakkin Buba da iyalinsa kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Allah ya yi maku albarka, ya ba ku ɗiyan da za su faɗa maku gaskiya kuna da sauran ƙarfi. Ya jiƙan iyayena, ya sa in cika da kalmar shahada.

Mai yiwuwa in Rashidu ya shiga wurin hukuma, shi ba za a bar shi ya fito ba. In haka ta faru, Abdurrahaman, matarsa da ɗiyansa sun koma wuyanka, tukunyarku ta zama ɗaya. Ummuhani, ke za ki riƙa kai mashi fura ranar ziyara. Batulu, ki yi haƙuri, kada ki hana shi tafiya da kuka. Kada wanda ya goranta mashi in ya dawo, domin ranar da ya faɗi gaskiya shi ne babban gidan nan, ku miƙe mashi.

Alhaji Jika ɗan Tala