Gwangwanin Cibiyoyin Inna

Laraba, tsakiyar Sha'aban, bayan isha'i

Yau na yi wa surukata Inna dariya, Allah Ya yafe mini.

Jiya likitan Amira, jikata mai sikila, ya ce a jinin cibiyar jariri akwai wasu ƙwayoyi kamar irin shuka, in an dasa wa mai ciwon sukan yi masa sabon jini. Na faɗa wa Inna a waya don ta sa mu a addu'a, tunda uwar Amira ta kusa haihuwa.

Da hantsi sai ga Inna daga Rigasa, rungume da tsohon gwangwanin madara. Ashe duk cibiyar da ta faɗi a zuri'arta tana nan, kowace a ƙulle cikin tsumma.

"Ga ta mijinki nan," in ji ta. "Shekara sittin, ko kyankyaso bai taɓa ta ba. A kai wa likita ya zaɓa."

Na ce a hankali, "Inna, jinin ake ɗiba ranar haihuwa, kuma sai ya dace da na Amira. Waɗannan sun bushe."

"Kuɓewa ma busasshiya ake miya da ita. Ya jiƙa mana."

Nan dariyar ta kuɓuce mini. Malam kuwa ya tsaya kallon cibiyarsa kamar ya ga abokin makarantar allo.

Kafin ta tafi ta ciro ta Amira, ta tofa mata addu'a, ta tura ƙarƙashin filon yarinyar. Na san ba ita likita yake nufi ba. Ɗazu na je zan cire, na tarar Amira tana barci lafiya, sai na gyara mata bargo na fito.