Bana ba zan zo Damba ba

Yaya Sanatu,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mma? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ɗan yi wuya.

Bana ba zan zo bikin Damba ba. Ina cikin mutum bakwai masu taya alƙali yanke hukunci a kotun Sekondi, shari'ar kisa ce. In ɗayanmu bai zo ba, sai a ɗage, yaron da ake tuhuma ya koma kurkuku. Abokina Ebo ya ce, "Sakarai, ka ce zazzaɓi kake yi mana!"

Na so in yi. Amma kullum uwar yaron tana bencin baya, ɗaurin kallabinta irin na Mma.

Ki aiko min dawadawa. Ki ba Mma haƙuri, nata ɗan zai dawo. Na waccan ban sani ba tukuna.

Ƙaninki,
Napari