Idon da Ka Buɗe a Kan Hasumiya

Baban Ƙudus, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata a watan zafi, salamu alaikum. Ni ce, Kafayat. Ka san ban iya rubutu ba, danna abin nan na waya na yi ina magana, ko Allah zai kai maka muryata. In ka ji tana rawa, kar ka kula.

Maigida, ina ka shiga? Saƙon da na tura maka tun Ƙudus bai fara rarrafe ba, Maman Ebuka maƙwabciyarmu ta duba min, ta ce har yau alama ɗaya ce, wai bai shiga wayarka ba. Yau yaron nan ya dafa gado ya miƙe! Na juya in nuna wa wani, babu kowa sai keken ɗinkinka a lulluɓe.

Ka tuna ranar da ka shigo da fasfo kana murna, ka ce bizar yawon buɗe ido ka samu zuwa Turkiyya? Na ce au, da ma a rufe yake? Duk zaman nan da muka yi a Fagge ba ka gan ni ba? Ka yi ta dariya har ka ƙware da shayi. Ka ce kallo kawai za ka yi, ka ga irin ɗinkinsu, ka dawo.

Sai ranar da ka hau hasumiyar nan ta can Turkiyya. Wayyo, ranar hasumiya! Ka kira ni a bidiyo kana haki, ka ce in rufe ido. Da na buɗe, ga ka a can ƙololuwa, iska tana kaɗa rigar da ni na goge maka. Ka nuna min dutsen ginin, kowanne ya kai buhun masara, ka ce tun kakannin kakanni yake tsaye. Ka juya wayar a hankali: ga masallatai masu ƙubba kamar an kife ƙore, ga tsohuwar fadar sarakunansu, ga gada mutane sun jeru suna kama kifi, ga fararen tsuntsaye suna ta ihu. Turawa suna ture ka da kyamarori, kai kuwa kana ta faɗa min sunaye ina kasa maimaitawa. Na ce to ina Kano? Ka nuna bayanka da babban yatsa, ko waiwaye ba ka yi ba. Idonka yana kan ruwa, masoyina. Ni ina kallon fuskarka kamar watan sallah, kai kana kallon ruwa!

Bayan nan ne ka fara zancen wani teku da ya fi wannan, wai jirgin roba, wai kafin ka gaji da zama an kai Turai. Kai da ko kududdufin Rijiyar Lemo ba ka taɓa shiga ba! Na roƙe ka, ka ce in yi addu'a. Daga nan shiru.

Jiya a kasuwar Sabon Gari, Boniface na shagon kusa da naka yana kallon wani bidiyo, jirgi ya kife, takalma a kan ruwa. Da ya hango ni sai ya cusa wayar a aljihu, ya ce Madam, tsoho ne, ba na yanzu ba ne. To me ya sa ya kasa kallona? Alhaja mahaifiyarka kullum sai ta tambaya, in ce kana gaishe ta. Bakina ya gaji, zumata. Na zama kamar ganyen alayyahu da ya wuni a rana.

Ba na son Turai, ba na son leshi, ba na son komai. In kana tsaye a bakin ruwan nan, don girman Allah ka juyo. In a kulle kake, ka sa wani ya ce min kana numfashi. In kuwa ruwan... a'a, ba zan faɗa ba.

Tunda aka kawo ni ɗakinka ban taɓa kiran sunanka ba, kunya ta hana. Yau na ajiye ta. Abdulgani! Abdulgani, ka amsa mana!

Taka ce ni, da rai ko babu, ba wanda zai ji wannan muryar ta kira shi haka bayanka.

Kafayat.