Takardar Sallamar Baba Mai-fata

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Inna tana gaishe ku, ƙafar da sauƙi.

Na yi abin da ka ce. Ranar Litinin na miƙa wa Baba Mai-fata takardar sallamar da ka aiko. Ka ce masu sayen takalmanmu a ƙasar da kake ba ruwansu da furfura, yanka miƙaƙƙe suke so, shi kuwa hannunsa ya fara rawa. Gaskiya ne. Amma Yaya, mutumin nan shekara arba'in yana yanka fata a gefen marigayi mahaifinmu. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai da na karanta masa da bakina. Ya goge wuƙarsa, ya rataye ta a ƙusa, ya ce, "To, 'yar nan, Allah ya yi albarka."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. An koya mini ƙanwa ba ta ja da yayanta, amma ba a koya mini yadda ake korar uba ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ya aiki, ya iyali? Mu dai sai godiya.

Injin yankan da ka turo ya iso, ba ya kuskure. Sai dai shagon ya mutu da ransa. Masu ɗinki sun daina hira, ba kuma wanda ya yarda ya ɗora komai a teburin tsohon. Shi kuwa kullum da safe yana zuwa ya zauna a bencin mai walda da ke daura da shagon, ya zuba wa ƙofarmu ido har azahar. Ta ƙofar baya nake shiga yanzu.

A waya ka ce a can ba a haɗa zumunci da sana'a. Yaya, a nan zumuncin ne ya riƙe sana'ar. Ka bari ya dawo, ko zama kawai ya riƙa yi.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, tare da ta'aziyya. Baba Mai-fata ya rasu ranar Alhamis. Har yau in na ɗaga kai daga aiki, sai in ga kamar yana kan bencin, in na sake dubawa ba kowa. Na kasa ci gaba. Makullan shago suna wurin Inna, ka nemi wanda zai riƙe.

Jiya 'yarsa ta zo da saƙo. Ya ce a gaya maka ya yafe, wai na nesa ba ya ganin abin da yake yankewa. Na tambaye ta, ni fa? Ta sunkuyar da kai, ta ce iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na isar maka da naka.

Ƙanwarka,
Auta