Gyalen ruwan ɗorawa

Litinin, 5 Disamba 2022
Yau manaja ya tara mu a rumfar tsintar wake. Wai kamfani ya buɗe asusun taimaka wa surukin mai kamfani da ke neman komawa majalisa, za a riƙa cira a albashi. "Ganin dama ne," in ji shi. Amma duk wanda ya yarda za a ba shi hula ko gyale ruwan ɗorawa. Ke nan wanda ya ƙi, daga bakin ƙofa za a gane shi. Surukin nan da ko jaje bai zo mana ba lokacin da 'yan bindiga suka tashe mu daga Darini. Ko sisina ba zai ci ba.

Sharhabilu, ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta ma'aikata, yana zaune kamar an ɗinke masa baki.

Alhamis, 8 Disamba
Sharhabilu ya zo da hular, har da karkata ta. Kuɗin ƙungiyar da muke biya ashe na sayen raƙumi da akala ne.

Litinin, 12 Disamba
Rumfa duk ta koma ruwan ɗorawa, ni kaɗai ce da baƙin mayafi. Kande, da muke tire ɗaya, ta ce, "Yaya Ramlat, karɓi ki yafa mana, ƙuri'a ai a ɓoye ake yi." Na ce ta ji da tsakuwar da ke gabanta.

Laraba, 14 Disamba
Ran Litinin mai kamfani zai zo zagaye. An ce duk wanda ya gani babu launi, sito na garin Babban Duhu, can nesa, za a tura shi. In na tafi, wa zai juya Inna a shimfiɗa? Tsoro nake ji, gaskiya.

Na tare Sharhabilu wajen sikeli, na wanke shi tas. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri zuwa Litinin." Haƙuri. Shi ke nan abin da ya iya.

Juma'a, 16 Disamba
Gida-gida aka ga Sharhabilu yana bi a babur, har Wagini. Yana tara wa iyayen gidansa mutane, mana. Allah Ya isa.

Litinin, 19 Disamba
Na shiga ina jiran wulaƙanci, sai na ga babu ruwan ɗorawa ko ɗaya. Kande da tsohon gyalenta, masu dako kai ba hula. Mai kamfani ya duba, ya duba, ya ce, "Ina waɗanda suka bayar?" Sharhabilu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce ganin dama ne. Ƙungiya ta ce wanda ya bayar da wanda bai bayar ba, tsakaninsa da Allah."

Ashe yawon da yake yi ke nan, yana cewa kowa ya bar launin a gida. To me ya hana shi faɗa mini? Ƙila ya san bakina.

Laraba, 21 Disamba
An yi canjin wurin aiki. Mutum ɗaya ne zai tafi Babban Duhu, kuma ba ni ba ce.

Litinin, 2 Janairu 2023
Har yanzu ina cewa bai kamata Sharhabilu ya sa hular nan ba tun farko. Inna ta ce hanyar can ba kyau, na ce ina ruwana.

Na daka yaji na ba direban sito ya kai masa. Na ce kada ya faɗi wanda ya aiko.