Na'urar da Ka Ba Ƙanenka Aro

Maigida,

Na dawo daga asibiti ban same ka ba, ga shi zan koma wurin aiki. Na karɓo sakamakon na'urar nan da aka manna maka a ƙirji, aka ce ka yini ka kwana da ita don a ji yadda zuciyarka ke bugawa.

Likita ta ce bugun ba ya tafiya daidai, sai ya zura da gudu, ya yi tuntuɓe, ya sake zurawa. In aka ƙyale shi, jini na iya daskarewa, gudan ya haura kai, ɓarin jiki ya shanye.

To, sannu da dabara. Ka ɗauka ban ga lokacin da ka ɓalle ta ka manna wa ƙanenka ba? Wai shi ƙato ne mai ɗaga buhu da hannu ɗaya, sakamako zai fito fes, a daina damunka da magani. Ashe abin na gida ne.

Na gaya wa likitar gaskiya. Ta cire tabarau, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Baiwar Allah, kawo mini su duka biyun."

Gobe ƙarfe takwas, kai da shi, ni zan raka ku har gabanta.

Shi bai sani ba tukuna, ɗazu ma na gan shi yana ta dariya a bakin shago. Ba ni zan gaya masa ba. Kai ne ka duba shi da na'urar, ranka ya daɗe, sai ka je ka yi masa bayani.

Maman yara