Na Yi Wa ’Yata Jana’iza, Ga Ta da Rai

Didi Shobha, ina roƙon shawararki.

Ranar Talata, 14 ga watan Magh, 2076 a lissafin kalandarmu, ƙarfe bakwai da kwata na safe, ’yata Menuka ta hau motar Birgunj, garin da ke kan iyakarmu da Indiya. Shekarunta goma sha bakwai. Dambar, ɗan kawun matata, shi ya samo mata aiki a wani asibiti a Indiya. Ya ce matan da ke tsare ’yan mata a kan iyaka don hana fataucinsu suna da yawan tambaya, sai in rubuta cewa kawunta ne zai kai ta magani. Ni shugaban makaranta ne, na iya wasiƙa. Na rubuta, na buga hatimi, na ajiye kwafi. Ba a tsare su ko minti biyar ba.

Bayan wata biyu Dambar ya dawo ya ce ta bi wani saurayi. Shekara uku ina nema. Daga nan yayana ya ce ruhin da ba a sallama ba yana hana gida zama lafiya. Muka ɗaure ciyawar kush da siffar mutum, yadda ake yi a addininmu in babu gawa, muka kai bakin kogi, na kunna wutar da hannuna. Kwana goma sha uku na makoki ban ci gishiri ba. Dambar ne ya ɗauko itacen.

Makon jiya wani gidan kula da matan da aka ceto ya kira ni daga Birgunj. Menuka na wurinsu. A gidan karuwai aka same ta a Mumbai, inda aka sayar da ita kwana shida bayan tafiyarta. Ta ba su lambata da ka.

Yayana ya ce wai digiri biyu gare ni amma ban san gawa ba ta komawa gida ba. Ya kuma tuna min cewa bikin ƙanwarta Tulasa saura wata biyu, kuma dangin ango suna da kunne. Matata kuwa ta sauke hoton Menuka daga bango ta cire masa furannin mamata.

Mutanen gidan kulawar sun ce in kira kafin Juma’a. Ban kira ba. Ban gaya wa Tulasa ba. Kwafin wasiƙar yana cikin akwatina.

Uban da ya kunna wuta, Sindhupalchok

*

Malam,

Ciyawa ka ƙona. ’Yarka tana Birgunj tana jiran waya. Ka kira yau, kada ka jira Juma’a.

Tsoron yayanka ba na banza ba ne. Ƙauye zai yi magana, kuma auren Tulasa na iya girgiza. Saboda haka ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a bakin famfo. Dangin angon da za su fasa don an cuci yayarta, gara su fasa yanzu da bayan biki.

Maganar jana’iza kuwa, ka zauna da purohit, malamin addinin da ya jagorance ta. Ba kai ne na farko da ya ƙona kush, wanda aka ƙona dominsa ya dawo ba, kuma akwai addu’o’in karɓar wanda ya dawo. In ya ce bai sani ba, nemi wanda ya fi shi karatu.

Kada ka tafi da niyyar ɗauko ta. Ka tafi ka tambaye ta inda take so ta zauna, domin an daɗe ana yanke mata hukunci. Kada ka tambaye ta abin da ya faru. Ka tafi da mahaifiyarta, wadda ta riga ka ba da amsa. Ka kuma faɗa wa Menuka zancen jana’izar da kanka.

Wasiƙar nan da ke cin ranka shaida ce. In Menuka ta yarda, lauyoyin gidan za su raka ka ka kai ta wurin ’yan sanda. Dambar yana da sauran ’ya’yan dangi a gabansa.

Yarinyar da ta riƙe lambarka shekara biyar ba ta yi maka jana’iza ba. Ina yi muku fatan sauka lafiya da kyakkyawar haɗuwa.

Didi Shobha